Zaki da garken shanu: ko makiyayi zai iya zama mai gadin abin da ke cin dukiyarsa?

Tambayar ta fito ne daga wani Alhaji da ke fataucin shanu a kasuwar Oko-Oba da ke Agege a Legas, wanda kuma yake da garke a hannun makiyaya a ƙasar Borgu. Ya ce ya ji labarin cewa a wasu ƙasashen Afirka makiyaya ne da kansu ake sa wa su kare zakunan daji, shi kuwa bai ga yadda mai hankali zai yi gadin abin da ke cin dukiyarsa ba. Yana so ya san ko da gaske hakan yana aiki, da kuma ko zai yiwu a Najeriya.

Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Yana aiki, domin an gwada an kuma ƙirga sakamakon, amma da sharaɗi guda wanda in babu shi sauran dabarun duk ɓata lokaci ne. Dole ne zaki mai rai ya fi mataccen zaki amfani ga makiyayi, kuma dole ne aikin da albashinsa da yanke shawararsa su kasance a hannun mutanen da ke kwana tare da shanu a daji. A matsayina na likitan dabbobi da ya yi aiki da masu garke da kuma ma'aikatan gandun daji, ban taɓa ganin makiyayin da ke kashe zaki don nishaɗi ba. Lissafi yake yi, kuma idan lissafin bai sauya ba, wa'azi da tara da ɗauri ba za su hana shi ba.

Ya kamata mu fara sanin yawan zakunan da muke magana a kansu, domin da yawa daga cikinmu a nan Legas suna zaton dazuzzukan Arewa cike suke da su kamar a zamanin kakanni. A duniya baki ɗaya, zakunan da suka rage a daji ba su wuce 20,000 zuwa 25,000 ba, kuma an ƙiyasta cewa sun ragu da kashi 43 cikin 100 tsakanin 1993 da 2014. Halin da Afirka ta Yamma ke ciki ya fi wannan muni nesa ba kusa ba. Binciken da Philipp Henschel da abokan aikinsa suka wallafa a 2014, bayan sun yi nazarin gandayen daji 21 da ake tsammanin akwai zaki a cikinsu, ya same su ne a wurare 4 kawai: Niokolo-Koba a Senegal, da haɗaɗɗen dajin W da Arly da Pendjari da ya ratsa Nijar da Burkina Faso da Jamhuriyar Benin, sai gandun dajin Tafkin Kainji da kuma Yankari a Najeriya. Jimillarsu kusan 400 ne, manyan da suka isa haihuwa ba su kai 250 ba, kuma mafi yawansu suna wancan haɗaɗɗen dajin ne. Rabon Najeriya duka bai kai 50 ba, na Yankari kuwa da yatsun hannu ake ƙirga su. Shanun da ake saukewa daga tirela biyu a kasuwarku sun fi dukkan zakunan dajin ƙasar nan yawa, kuma garkenka na Borgu yana maƙwabtaka da mafi yawan abin da ya rage.

Dalilin da ke sa zaki ya koma kan shanu sananne ne. Inda ɓauna da gwanki da kanki da mariya da gadu suke da yawa, zaki ya fi son su, domin kusantar mutum haɗari ne da ya sani sarai. Amma idan mafarauta sun ƙarar da naman daji da tarko da bindiga, shanu kuma sun mamaye mashayar da namun ke zuwa da rani, to abin da ya rage masa mai sauƙin kamu shi ne saniya, wadda ba ta da gudun gwanki kuma ba ta da faɗan ɓauna. An lura a wurare da dama, har da gandun dajin Waza a Kamaru, cewa ɓarnar ta fi yawa da damina, lokacin da ruwa ya wadata ko'ina, namun daji suka warwatsu, ciyawa kuma ta yi tsayin da za ta ɓoye zaki. Mafi yawan asarar tana faruwa ne ta hanya biyu: ko dai dabbar da ta ɓace ta kwana a daji, ko kuma garken da aka kwantar da daddare babu shinge mai ƙarfi, inda zaki kan zagaya ya firgita shanu su fasa su fito da kansu. Sannan akwai abin da masu garke ba sa son ji, wato cewa idan aka zauna aka ƙirga asarar shekara, abin da ciwon huhu da sammore da ciwon hanta da fari da ɓarayi suke ci ya ninka na zaki sau da yawa, kuma kura ma kan yi ɓarnar da ake ɗora wa zaki. Bambancin shi ne cuta tana kashewa a hankali ba tare da an ga mai laifi ba, zaki kuwa yakan bar sawu da jini, don haka fushi ya sami inda zai sauka.

Ramuwar da ta fi halaka zakuna a yau ita ce guba. Zaki yana komawa kan abin da ya kashe, saboda haka sai a barbaɗa maganin ƙwarin gona irin su carbofuran a kan mushen, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba kuma ba shi da warin da zai kori dabba. Zakanya da 'ya'yanta sukan ci tare su mutu tare, kuraye da diloli su biyo baya, ungulaye su sauka da yawa su zube a wuri ɗaya, wani lokaci har karen makiyayin da kansa, kuma idan abin ya faru a bakin ruwa shanun ma ba su tsira ba. A wurin da zakuna ba su kai 50 ba, mushe biyu ko uku masu guba sun isa su shafe zuriyar gaba ɗaya.

Mafi shaharar gwajin da ka ji labarinsa an yi shi ne a kudancin Kenya, a filayen kiwon Masai da ke kewaye da gandun dajin Amboseli. A al'adar Masai, saurayi yana samun suna da daraja ne idan shi ya fara soka wa zaki mashi, kamar yadda saurayin Bafulatani ke nuna jarumta a filin sharo, sai ga shi ramuwar gayya kan dabbobin da aka kashe ta haɗu da wannan al'ada, har zakunan yankin suka kama hanyar ƙarewa a farkon shekarun 2000. A 2007 Leela Hazzah da Stephanie Dolrenry suka kafa shirin Lion Guardians tare da wasu matasan Masai 5, kuma waɗanda ake nema musamman su ne waɗanda suka yi suna wajen kashe zaki, domin su ne suka fi kowa iya bin sawu, su ne kuma sa'o'insu ke jin maganarsu. Aikin mai gadin shi ne ya fita da asuba ya bi sawu ya gano inda zakuna suka kwana, ya sanar da masu kiwo su kauce wa wannan sashe a ranar, ya nemo dabbobin da suka ɓace kafin magariba, ya nemo yaran kiwo idan sun ɓata, ya taimaka wajen gyaran shingen da aka fasa, sannan idan ɓarna ta auku matasa suka ɗauki mashi, shi ne zai tare su ya lallashe su. An koya wa masu gadin karatu da rubutu da amfani da na'urar GPS, ana biyansu albashi, kuma su ne suke raɗa wa kowane zaki suna, ta yadda mutanen ƙauye suka koma sanin cewa wance ce ke cin shanu, wane kuwa bai taɓa ba.

Abin da nake so ka lura da shi a nan shi ne mafi yawan aikin mai gadin zaki aikin kare shanu ne. Makiyayi ba ya girmama shi don ƙaunar zaki, yana girmama shi ne domin shi ne wanda ya dawo masa da shanu goma da suka ɓace jiya da yamma. Nazarin da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa a filayen da masu gadin ke aiki kisan zaki ya ragu da kashi 99 cikin 100. An yi makamancin wannan a ƙasar Samburu da ke arewacin Kenya, inda Shivani Bhalla ta kafa shirin Ewaso Lions a 2007, sannan dattawan Masai sun goyi bayan wasannin tsere da jifan mashi da aka fara a 2012 domin samari su sami wani fagen nuna bajinta.

Batun diyya ne ka fi so ka ji, na sani, domin ɗan kasuwa da kuɗi yake auna magana. Tun 2003 akwai asusun diyya a filin kiwon Mbirikani na wannan yanki, kuma nazarin da na ambata ya nuna cewa shi ma ya rage kisan da kimanin kashi 90 cikin 100. Tsarinsa yana da tsauri: ana tura mai tantancewa ya ga mushen da idonsa, ba a biyan cikakken kuɗin kasuwa, ana rage kuɗin sosai idan dabbar an bar ta ne ta kwana a daji ko shingen ba shi da kyau, al'umma ma tana zuba nata kaso a asusun, kuma idan wani ya kashe zaki sai a hana yankinsu duka kuɗin wannan zangon. Duk da haka ni ba diyya ce abin da zan fara ba da shawara da shi a Najeriya ba. Tana buƙatar kuɗin da ba ya yankewa da masu tantancewa da ba a saya, kuma ranar da aka yi alkawari aka kasa cikawa, fushin da zai biyo baya ya fi na farko, domin yanzu makiyayi ya ɗauka zakin na gwamnati ne kuma gwamnati ta ci masa bashi. Duk wanda ya taɓa bin haƙƙinsa a ofis a ƙasar nan ya san abin da nake nufi.

Shinge ya fi diyya araha, kuma ya fi ta tabbas. A arewacin Tanzaniya, kusa da gandun dajin Tarangire, ƙungiyar African People and Wildlife ta haɗa kai da Masai wajen yin shingen da ake dasa itatuwa masu rai a jere sannan a ɗaura musu wayar raga, kuma binciken da aka yi a kai ya nuna cewa kusan babu harin dare da ya yi nasara a garken da ke da irin wannan shinge. Itacen da suke dasawa ɗan'uwan dashi ne, wanda manoman ƙasar Hausa suka daɗe suna kafa rassansa a matsayin shingen gona da na gida, don haka ba baƙon ilimi ba ne a gare mu. Akwai kuma ƙananan dabaru. Wani yaro makiyayi mai suna Richard Turere, daga Kitengela a gefen gandun dajin Nairobi, ya haɗa fitilu masu walƙiya da batirin sola kewaye da garke, ta yadda zaki zai zaci mutum ne ke zagayawa da tocila. A Botswana kuma an zana idanu a ɗuwawun shanu 683, aka bi su shekaru 4 ba a kashe ko ɗaya ba, alhali an kashe 15 daga cikin 835 da ba a yi wa zane ba, domin zaki ɗan kwanton ɓauna ne da kan fasa idan ya zaci an gan shi. Waɗannan na taimakawa, sai dai zaki dabba ce mai koyo, kuma babu fitila ko fenti da zai maye gurbin babban mutum da karnuka a bayan garke.

Akwai mataki na gaba da hana asara, wato makiyayi ya sami riba. A kewayen gandun dajin Ruaha a Tanzaniya, shirin da Amy Dickman ta fara a 2009 ya ba ƙauyuka kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu, kowace dabbar daji da ta bayyana a hoto tana jawo wa ƙauyen maki, zaki yana cikin masu maki mafi tsoka, kuma ana mayar da makin ya zama magungunan asibiti da kayan makaranta da magungunan dabbobi. A dajin Gir na jihar Gujarat a Indiya, makiyayan Maldhari suna zaune da baƙaƙen shanunsu na ruwa a cikin dajin da zakuna suke, suna da haƙƙin kiwo a ciki, ana biyansu diyya, zakunan kuma sun ƙaru daga 523 a 2015 zuwa 674 a 2020. Amma kada a ɗauka an gama da matsalar ko a inda aka fi nasara. A watan Mayun 2023, bayan fari mai tsanani da ya ƙarar da dukiyar mutane, an kashe zakuna 10 a yankin Amboseli cikin kimanin mako guda, 6 daga ciki a rana ɗaya bayan sun kashe awaki. Mutumin da fari ya bar wa akuya biyar ba ya da haƙurin wanda ke da ɗari.

Ko zai yiwu a Najeriya, amsata ita ce zai yiwu, amma ba ta hanyar kwafo tsarin Kenya yadda yake ba. Lokacin da aka fara shirin, Masai na Amboseli suna kiwo ne a filayen da suka mallaka a matsayin al'umma, masu iyaka sananniya, kuma akwai kuɗin masu yawon buɗe ido a kusa. Makiyayin da ke shiga Kainji ko Yankari sau da yawa mai wucewa ne, wani daga Nijar ko Benin ya taso, zai yi wata biyu a mashekari ya ƙara gaba, kuma ba shi ne mazaunin ƙauyen da ke bakin gandun dajin ba. Idan aka gina wa ƙauyen asibiti da sunan zaki, manomi ne ya amfana, wanda ke riƙe da guba bai ga komai ba. Saboda haka dole a bi ta hannun arɗo da shugabannin ruga, a ɗauki masu gadi daga cikin samarin Fulani da kansu, amfanin kuma ya zama abin da ke bin garke duk inda ya je: rigakafin ciwon huhu, maganin sammore na gaskiya ba jabu ba, rijiyoyin burtsatse da madatsun ruwa a wajen gandun daji, da makarantun 'ya'yan makiyaya irin waɗanda aka kafa wa hukuma tun 1989. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma idan aka tambayi makiyayi abin da yake so, ruwa da ciyawa zai fara ambata kafin diyya.

Wannan ne ma tushen matsalar. Makiyayi ba ya shiga gandun daji don yana so, domin ya san akwai kamu da tara, ya kuma san ƙudan tsando na ciki zai bar masa shanu da sammore. Yana shiga ne saboda burtali ya zama gona, kuma daga cikin filayen kiwo sama da 400 da aka keɓe tun bayan dokar 1965 ta Jihar Arewa, mafi yawa ba a tabbatar da su a hukumance ba, da yawa kuma an cinye su. Gandun Kainji mai murabba'in kilomita 5,340 da Yankari mai 2,244 sun zama kusan su ne manyan wuraren da ciyawa da ruwa suka rage da rani a yankunansu. Ga kuma rashin tsaro, domin 'yan bindiga sun sami mafaka a dajin Kainji da na W da Arly da Pendjari, kuma babu mai gadin zaki da zai bi sawu da asuba a dajin da ma'aikaci mai bindiga ke tsoron shiga. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da aka kafa a 2024 da hukumar kula da gandayen daji na ƙasa suna da aiki ɗaya a nan, ko da yake ba a saba ganinsu a tebur ɗaya ba.

Kai kanka, Alhaji, kana da hannu a wannan lamari fiye da yadda kake zato. Da yawa daga cikin shanun da ke kiwo a bakin waɗannan dazuzzuka a yau ba na wanda ke binsu da sanda ba ne, na 'yan kasuwa ne da ma'aikata da ke zaune a birane kamar Legas. Idan zaki ya kama bijimi, yaron da aka ba kiwo ya san mai dukiya zai zarge shi da sayarwa ko ya cire kuɗin daga ladansa, don haka guba ita ce hanyarsa ta kare kansa daga asara ta biyu. Mai garke zai iya sauya wannan da magana ɗaya: ya yi yarjejeniya da makiyayinsa cewa dabbar da naman daji ya kashe, aka ɗauki hotonta da waya aka kuma sami shaidar arɗo, ba za a ɗora masa ita ba, amma wanda ya sa guba ya bar aikin. Ya biya kuɗin wayar raga da dashi na shinge a mashekarin da garke ke daɗewa, ya sa a ƙara babban mutum a kan kiwo maimakon a bar wa yara ƙanana, a ƙirga shanu kafin rana ta faɗi, a kuma ƙone ko a binne abin da ya rage na mushe. Kuɗin wannan duka bai kai na bijimi ɗaya a Oko-Oba ba. Haka nan abin da ake sayarwa a wasu kasuwanninmu da sunan man zaki ko fatarsa ko farcensa don magani, sau da yawa kitsen shanu ne ko na wata dabba, amma wanda ya zama na gaske yana nufin an sa wa zaki farashi, kuma dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta haramta farautarsa da cinikin sassan jikinsa.

Wasu kan ce idan sun ƙare sai a sayo wasu. An taɓa yin haka a Ruwanda, inda zakunan gandun Akagera suka ƙare bayan 1994, galibi ta hanyar gubar masu shanu da suka dawo gida suka zauna a yankin, sai a 2015 aka kawo 7 daga Afirka ta Kudu bayan an kewaye iyakar gandun da shingen lantarki, kuma sun hayayyafa. Sai dai zakin Afirka ta Yamma ba irin na Kudu ba ne. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna ya fi kusa da na Afirka ta Tsakiya da na Indiya, shi ya sa tun 2017 masana suka sa su a rukuni ɗaya dabam da na gabashi da kudancin Afirka. Idan za a ƙara wa Yankari ko Kainji sabon jini, daga Pendjari ko daga dazuzzukan Binuwai na arewacin Kamaru ya kamata ya fito, kuma babu hukumar da za ta ba da zakunanta a kai su dajin da ba a riga an sasanta da makiyayan da ke kewaye da shi ba.